Ƙwaƙwalwar Mota: Abin da Waya Ta Faɗa Mata Kaɗai Ta Sani

Da zarar mota ta fara zuƙar mai ko ta ƙi tashi da safe, hukuncin da aka fi ji a gareji shi ne, "Ai ƙwaƙwalwa ce ta ƙone." Sau da yawa ƙazafi ake yi wa ɗan akwatin nan. Ba ya ganin inji, ba ya jin ƙararsa. Duk abin da ya sani, waya ce ta kawo masa.

A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da D-Jetronic, mai auna fetur da lantarki, aka sa shi a Volkswagen 1600. A 1979 sai ga Motronic a motar BMW, wanda ya haɗa sarrafa mai da wutar fulogi a akwati guda. Daga wannan zuriya ƙwaƙwalwar motocin yau ta fito.

Aikinta biyu ne a asali: nawa za a fesa mai, kuma yaushe fulogi zai ba da wuta. Fetur na ƙonewa tsaf idan an haɗa awo 1 nasa da awo 14.7 na iska, ta fuskar nauyi. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 100 a kowace daƙiƙa, kowanne a kan lokacinsa. Don ta san inda fistin yake, akan ɗora wa karanshaf faifai mai gurbin haƙora 60, a bar biyu babu. Giɓin nan shi ne alamar da take fara ƙirga daga kanta. Sauran sansoshi na kawo labarin yawan iska, buɗewar totur, zafin ruwa da iskar da ta saura a hayaƙin salansa. Sai ta duba jadawalin da injiniyoyi suka cika mata bayan dogon gwaji, ta yanke hukunci.

To, a nan wayarin yake shigowa, kuma a ganina shi ne rabin ƙirar. Yawancin sansoshi da folt 5 suke aiki, saƙonsu kuwa ɗan bambanci ne tsakanin sifiri da biyar ɗin. Idan wayar nagetif ta yi tsatsa ko ta yi sako-sako, rabin folt na iya salwanta, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi labarin ƙarya ta yi aiki da shi bilhaƙƙi. Shi ya sa masu ƙira ke ware wa sansoshi nagetif nasu da ke komawa cikin akwatin kai tsaye, su nisanta wayar sansan karanshaf daga kwayil, su lulluɓe ta da ragar ƙarfe. Wayoyi biyu na tsarin sadarwa na CAN, wanda Bosch ya gabatar a 1986, tufke su ake yi da gangan don su jure hargitsin lantarki. Mai wayarin da ya warware tufkar, ko ya murɗe haɗi da hannu ya naɗe da salatif, ya shuka matsalar da za ta tsiro bayan wata da watanni, ranar da zafi da girgiza suka gama aikinsu.

Akwai kuma al'adar cire tamostat daga motocin da ake shigowa da su, wai ƙasarmu zafi gare ta. Abin yana damuna. Inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai kamar yadda aka tsara mata a lokacin sanyi. Mai mota ne ke biya a gidan mai.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket mai ƙafa 16 na OBD-II, inda ake jona na'urar bincike. Amma lambar da na'urar ta nuna layin da ke da matsala take nunawa, ba ta ce sansan ya mutu ba. Kafin a sayi sabo, balle a tsige ƙwaƙwalwa, a ɗauki mita a auna batir, a auna folt 5 ɗin nan, a bi nagetif har inda aka ɗaure shi a jikin inji.