Mai Ciwon Zuciya Ma Tana Iya Shiga Gaɗa

Yau zancenmu a kan yaran da aka haifa da ciwon zuciya ne, da tambayar nan da ke hana iyayensu barci: shin a bar su su yi wasa, ko kuwa a zaunar da su wuri ɗaya?

Dalilin da ya sa na ɗauko zancen, akwai wata yarinya a ajina, shekararta tara. Ran da aka kawo ta, uwarta ta ja ni gefe ta ce, "Malama, amana ce na ba ki. Tana da huji a zuciya. Kada ta yi gudu, kada ta yi tsalle, ko shara kada a sa ta." Ni kuwa na riƙe amana da hannu biyu. Wata shida cur, in an fita tara, tana gindin darbejiya tana tsaron takalman 'yan'uwanta, su kuwa suna can suna gaɗa. Yarinya ta yi shiru, ta daina ɗaga hannu a aji, ko daga bakin ƙofar makaranta ta tako zuwa aji sai haki. Da abin ya dame ni, na roƙi uwar ta tambayi likitan yarinyar a fili, me aka hana ta, me aka yarda mata. Ashe likita bai taɓa hana ta kome ba. Hujin ƙarami ne. Tsoro ne ya hana ta, nawa da na uwarta, hakin nan kuwa yawancinsa na zama ne.

Ki sani, 'yar'uwa, wannan ciwo ba baƙo ba ne. Cikin jarirai 100 da ake haifa, kusan ɗaya yakan zo da shi. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da bango a tsakani, da ƙofofi masu buɗewa su rufe don kada jini ya koma baya. Wani yaron bangon ne ke da huji, wani ƙofar ce ta yi ƙunci, wani kuwa manyan jijiyoyin ne ba su zauna daidai ba. Ƙananan huji da yawa kan toshe da kansu tun yaro bai isa shiga makaranta ba. Saboda haka in an ce miki "ciwon zuciya", ba a gama gaya miki kome ba tukuna. Sai an ɗauki hoton zuciyar, wanda ake kira eko, irin wanda ake yi a manyan asibitocin koyarwa kamar na Kano da Zariya da Sakkwato, sa'an nan za a san wane iri ne, da abin da yaro zai iya.

Dā can likitoci su kansu sukan hana irin waɗannan yara wasa. Yanzu ra'ayi ya sake. A shekarar 2013 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa yawancin masu wannan ciwo, manya da yara, ya kamata a ƙarfafa musu gwiwa su motsa jiki, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke bukatar a yi musu iyaka. Zuciya tsoka ce, kamar ta dantse. In ba a aiki da ita da sauran jiki, sai ƙarfi ya ragu, ƙiba ta shigo, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya, su tarar da zuciyar da tun farko take da nata nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami minti 60 na motsa jiki kowace rana. Ba lalle a yi shi a zama ɗaya ba. Tafiya makaranta a ƙasa, gaɗa, tsallen igiya, 'yar ɓuya, sharar tsakar gida, duk suna cikin lissafi.

Ko 'yan ƙwallo akwai masu shi. Nwankwo Kanu, wanda ya shugabanci 'yan wasan Nijeriya suka ci zinariya a Atlanta a 1996, a wannan shekarar likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano ƙofar zuciyarsa ba ta aiki daidai. Ya ajiye ƙwallo, aka yi masa tiyata a Amurka, ya warke ya koma fili, har ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Amma ki lura, sai da aka duba shi aka gyara kafin ya koma.

Domin akwai waɗanda iyakar tasu gaskiya ce, kuma wasa da ita ganganci ne. Yaron da ƙofar babbar jijiyarsa ta yi ƙunci ƙwarai, ko mai hawan jini a huhu, ko wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ba a sa shi tsere ko ɗaukar kaya mai nauyi. Wanda ke shan maganin tsinka jini, ko aka dasa masa na'ura a ƙirji, a raba shi da kokawa da dambe da duk wasan da za a buge shi. A nan ina so in ja kunnenmu mu mata, gama mukan hana yarinya gaɗa, sa'an nan mu ɗora mata jarkar ruwa lita 25 a ka, ko mu ba ta taɓarya. Nishin ɗaga abu mai nauyi, wanda ake riƙe numfashi a yi, ya fi rawa matsa wa irin wannan zuciya. Wanda aka yi wa tiyata kuma, ƙashin ƙirjinsa yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, sai a fara da 'yar tafiya a hankali, kada kuma a ɗaga shi ta hammata.

To, yaya za ki san wasa ya isa? Ga ma'auni mai sauƙi: in yarinya tana wasa tana iya yi miki magana, ba laifi. In magana ta gagara saboda haki, ta huta. Abin da za ki tsai da wasa dominsa nan take, ki nufi asibiti, shi ne ciwon ƙirji, jiri, suma, ko zuciya ta riƙa dukan uku-uku ba ta lafa ba bayan an huta. Mu masu baƙar fata ba a ganin shuɗin jini a kumatu, sai ki duba leɓe da harshe da dasashi da farce.

Akwai kuma yaran da in sun gaji sai su tsuguna farat ɗaya. Kada ki ce lalaci ne, kada malama ta ɗauko bulala. Tsugunon nan yana tura jini zuwa huhu, jikin yaron ne ya koya masa. Wata likita a Amurka, Helen Taussig, ta lura da wannan hali, ita ce kuma ta kawo shawarar tiyatar da aka fara yi wa irin yaran a 1944. In jariri ne ya shiɗe haka, ki naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, ki garzaya da shi. Irin waɗannan yara jininsu kauri gare shi, ƙishirwa kuwa ƙara masa kauri take yi. Da bazara a ba su gorar ruwa su tafi da ita makaranta, wasansu ya zama da safe ko da la'asar sakaliya.

Ran da za ki koma ganin likita, kada ki tsaya a "yaya jikin nata?" Ki kira wasannin da sunansu, ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, har da daka da ɗiban ruwa. Ki roƙe shi ya rubuta a takarda, ki kai wa hedimasta da malamar aji, domin mu malamai in ba mu ga rubutu ba, zaunar da yaro muka fi ganewa. Ke kuma da kika girma da ciwon har kika yi aure, zagayen tsakar gida na minti 30 da sanyin safiya zai amfane ki, amma ki ga likitan zuciya kafin ki ɗauki ciki, kada ki bari sai ya tsufa.

Ku kuma 'yan makaranta, in ƙawarku ta fita daga da'ira ta zauna, ku bar mata gurbinta, ba tsokana. Yarinyar ajina haka suke yi mata yanzu. Takan yi zagaye uku ko huɗu ta huta, ta sha ruwa, ta koma. Takalma kuwa kowa ya riƙa tsaron nasa.