Wasan da ya tona asirin masana'antar iPhone, sannan aka tona nasa

Mutum ɗaya ne zaune a bayan tebur, da kofin ruwa a gabansa, yana magana kusan awa biyu. Iyakar abin da ake gani ke nan a wasan kwaikwayon "The Agony and the Ecstasy of Steve Jobs", wanda Ba'amurke Mike Daisey ya rubuta kuma ya gabatar da kansa. Duk da haka, a ƙarshen 2011 jama'a sun yi ta tururuwa zuwa gidan wasa na Public Theater da ke New York don kallonsa.

Daisey masoyin kayan Apple ne na gani-kashe-ni. A 2010 ya tafi Shenzhen a ƙasar Sin, inda kamfanin Foxconn ke haɗa iPhone, ya tsaya a bakin ƙofar masana'anta yana hira da ma'aikata ta bakin tafinta. A shekarar ce ma'aikatan Foxconn fiye da goma suka kashe kansu ta hanyar faɗowa daga benaye, har kamfanin ya ɗaura raga a jikin gine-ginensa. Wasan ya jera tarihin Steve Jobs gefe da gefe da labarin waɗannan ma'aikata.

A Janairun 2012 shirin rediyon This American Life ya watsa wani ɓangare na wasan, labarin ya bazu. Sai a Maris, Rob Schmitz, wakilin shirin Marketplace a Shanghai, ya nemo tafintar. Ta ce masu gadi ba sa riƙe da bindiga kamar yadda Daisey ya faɗa, kuma bai haɗu da ma'aikatan da sinadarin n-hexane ya yi wa illa ba. Shirin rediyon ya janye labarin gaba ɗaya. Daisey ya kare kansa da cewa shi ɗan wasa ne, aikin jarida daban. Daga baya ya cire sassan daga wasan.

Abin takaicin shi ne, bai buƙaci ƙarin gishiri ba. Rahoton Apple na 2011 ya amince cewa n-hexane ya cutar da ma'aikata 137 a masana'antar Wintek da ke Suzhou. Da shi ake goge gilashin waya saboda ya fi barasar gogewa saurin bushewa, amma yana lalata jijiyoyi. A Mayun 2011 ƙurar aluminiyam ta haddasa fashewa a masana'antar Foxconn ta Chengdu, inda ake goge murfin iPad, mutum huɗu suka mutu. A Maris na 2012, binciken ƙungiyar Fair Labor Association a masana'antun Foxconn uku ya gano ma'aikata suna wuce awa 60 a mako idan aiki ya yi yawa.

Ƙaryar da aka cusa ta kawar da hankali daga ma'aikatan: tsawon makonni, zancen ya koma kan Daisey, waɗanda jijiyoyinsu suka lalace kuwa aka mance da su.

Kada mai riƙe da wata waya ya ce bai shafe shi ba. Foxconn ya yi wa Sony, Nokia da Dell aiki, kuma yawancin wayoyin da ke kasuwanninmu ma'aikata ne suka haɗa su da hannu a irin waɗannan layukan. Idan labari irin wannan ya iso wayarka, duba wanda ya tabbatar da shi kafin ka tura.