Kafin ka tafi Malesiya a intanet, buɗe Risala

Duk wanda aka ba furojet kan tattalin arziki a mahangar Musulunci, abin da ya fara yi shi ne neman data. Sai ya kwaso rubuce-rubucen Malesiya da Pakistan, ya jera, shi ke nan wai an yi bincike. Ni a ganina daga gida ya kamata a fara, don tambayoyin suna nan Gaya da Ajingi, kuma littattafan farko suna cikin zaurukanmu.

Ɗauki bashin kaka. Damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, manomi ya je wajen mai hali. In ya karɓi buhun gero ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, wannan riba ce, babu wani kwana-kwana. Amma in ɗan kasuwa ya ba shi kuɗi yanzu a kan buhu kaza na wake, an faɗi irinsa da mudun da za a auna da lokacin kawowa, wannan shi ne salam, kuma ya halatta. Malikawa sun yarda a jinkirta biyan kuɗin har kwana uku, wa'adin kayan kuwa ana so ya kai kwana 15. Ina aka samo? Babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka biya a makarantar zaure, muka kai wajen muna gyangyaɗi. To, ga tambayar ɗalibin tattalin arziki: in cinikin ya halatta, amma farashin da aka yanke ya yi ƙasa ƙwarai saboda manomi a matse yake, wa ya ci ribar noman? Wannan kaɗai furojet ne guda, kuma kasuwar Gaya za ta ba ka alƙaluma da babu su a Google.

Mai son harkar haraji da mulki shi ma bai yi nisa ba. A nan Kano Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan wajiban sarakuna, har da yadda ake tara dukiyar jama'a da kashe ta. A Kano ɗin dai Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya soki harajin da sarakuna ke ɗora wa talakawa, jangali na ciki. Ka haɗa su da Kitabul Kharaj da Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid, da Muƙaddimar Ibn Khaldun ta 1377, inda ya nuna cewa haraji in ya yi nauyi mutane kan daina himma, abin da ke shiga baitulmali ya ragu. 'Yan nazarin zamantakewa, ku kuma babin asabiyya naku ne. Ku karanta shi kuna tuna siyasar unguwarku.

Na zamani kuwa, littafin Mufti Taƙi Usmani, An Introduction to Islamic Finance, ya fi sauƙin shiga. Na Umer Chapra, Islam and the Economic Challenge (1992), sai an zauna masa. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, kuma kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da ita. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, yana fitar da rahotonsa na shekara. Duba nawa ya tafi murabaha, nawa ya tafi noma. Sukuk na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 tituna aka yi da shi, hanyar Kano zuwa Maiduguri na ciki.

Abu ɗaya zan ja kunne a kai: malamin zaure ya san hukunci amma ba lallai ya san lissafin hauhawar farashi ba, lakcara kuma ya san lissafin amma sau da yawa bai biya babin ciniki ba. Ka kai wa kowannensu tambaya iri ɗaya, ka rubuta amsoshin a shafi guda. In Larabci ne matsalar, akwai Risala mai fassarar Hausa a shagunan littattafai na Kurmi.