In Yaro Ya Bugu A Ka Wurin Wasa

Maigida da uwargida, ku saurara. Wasa abu ne mai kyau ga yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya sami kamar awa guda kowace rana yana guje-guje da tsalle-tsalle. Saboda haka kada ku hana 'ya'yanku tamaula, ko langa, ko kokawa. Abin da muke so ku lura da shi shi ne kan yaro.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo cikin ƙwarya. In an girgiza ƙwarya da ƙarfi, nono ya bugi gefe ya dame, ko da ƙwaryar ba ta tsage ba. To, haka yake in yara biyu suka yi karo da ka wurin ƙwallo, ko aka kā da yaro ta ƙeya, ko ya sha naushi a dambe. Ba jini, ba ƙulu, amma ciki ya girgiza. Yawancin waɗanda abin ya sama ko suma ba sa yi, shi ya sa ake raina shi.

A 2019 likitocin Jami'ar Gilasgo, a ƙasar Sikotilan, suka bi labarin tsofaffin 'yan ƙwallo 7,676 waɗanda ƙwallo ce sana'arsu. Suka tarar ciwon zuciya bai kashe su kamar sauran mutane ba, wannan amfanin wasa ke nan. Amma mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa, irin masu kawo ruɗewa da mantuwa da tsufa, ta fi ta sauran mutane kamar sau uku da rabi. Da suka ƙara dubawa a 2021 sai suka ga 'yan baya, masu yawan tare ƙwallo da ka, su abin ya fi kamawa, masu tsaron gida kuwa daidai suke da kowa. Tun a 2015 Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka, a 2020 kuma Ingila da Sikotilan suka hana koya wa 'yan firamare haka.

Yanzu kai malamin wasa, ko kai babban yaron da ke tara ƙannenka a fili da la'asar, maganar ta fi shafarka. In yaro ya bugu a ka, ya tashi yana tangaɗi, ko ya ce kansa na ciwo, ko yana jin jiri, ko ka tambaye shi wa ke cin wasan ya rasa amsa, fitar da shi. Ba shi komawa ran nan, ko ya yi rantsuwa ya warke. Yaro ba ya so a ce masa rago, don haka zai ɓoye. Mugun abu ne 'yan kallo su riƙa zuga shi wai namiji ba ya gudu, gama bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai haɗarin gaske.

A gida, a bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu, wani babba na duba shi, har da dare. In kai na ciwo a ba shi farasitamol, ban da asfirin, don yana ƙara zubar jini. Daga nan ya soma ƙananan ayyuka sannu sannu. Dambe da kokawa da ƙwallo kuwa sai ma'aikacin lafiya ya duba shi ya yarda. A Ingila ma tun 2023 ƙa'idarsu sai an yi kwana 21 kafin a koma gasa.

Amma in ya yi ta amai, ko jijjiga, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, kada ku tsaya tofi ko jiƙo, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi asibiti nan da nan. In yana kukan wuya, a kwantar da shi bisa katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa kada ya juya, sa'an nan a ɗauke shi.