AMSAR TAKARDUNKU: Wane Katin Banki Ya Dace da Ɗan Kasuwa?

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen hatsi da albasa a kasuwannin ƙauye kamar Acida da Illela ina kawowa birni. Kwanan baya wani ma'aikacin banki ya same ni a shago, ya ce in karɓi katin bashi na 'yan kasuwa, wai duk abin da na saya da shi za a mayar mini da wani abu a kai. Ni kuwa katin ATM kaɗai na sani. Don Allah a yi mini bayanin bambancinsu, kuma wanne ya dace da irin sana'ata? Daga mai sauraronku a Gidan Dahala, Sakkwato, wanda ya roƙi a sakaya sunansa.

AMSA: To, Alhaji, mun gode da wannan takarda, Allah Ya sa albarka a nema. Tambayarka ta shafi mutane da dama, domin tun daga ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon shekarar 2023, bayan canjin fasalin naira, da wuya ka sami ɗan kasuwar da ba ya mu'amala da kati ko na'urar POS. Saboda haka sai masu sauraro su gyara zama.

Da farko dai katin banki iri uku ne, ko da yake a ido duk kamarsu ɗaya. Na farko shi ne katin ATM da ka sani. Wannan kuɗinka ne da ka ajiye kake ɗiba, in sun ƙare magana ta ƙare. Na biyu shi ne katin da ake loda wa kuɗi. Kai ne za ka zuba masa iya abin da kake so, ba ya taɓa babban asusunka. Na uku shi ne katin bashi, wanda aka yi maka tayinsa. Kuɗin da ke cikinsa ba naka ba ne, na banki ne. Banki zai yanka maka iyaka, ka yi sayayya, sannan ka biya a ƙarshen wata. In ka biya duka cikin wa'adin da aka ɗiba maka, galibi wata guda da 'yan kwanaki, ba a ɗora maka komai a kan sayayyar. In wa'adi ya wuce, sai kuɗin ruwa ya fara hawa.

Sunayen da kake gani a jikin kati, irin su Verve da Mastercard da Visa, ba su ke nuna cewa na bashi ne ko na ajiya ba. Sunayen kamfanonin da ke kai saƙo ne tsakanin bankinka da bankin mai kaya. Verve na gida ne, na kamfanin Interswitch da ke Legas. Akwai kuma AfriGo da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Janairu na 2023. Ga wanda harkarsa ba ta wuce cikin ƙasa ba, kowanne daga ciki yana biyan buƙata.

Yanzu sai maganar abin da aka ce za a mayar maka. Mu a kasuwa gyara muke ce masa. Ka auni kwano goma, mai hatsi ya ƙara maka da tafin hannu. Amma kai ma ka san gyara ba daga sama take faɗowa ba, tana cikin lissafin mai kaya. Haka abin yake a banki.

Wannan al'ada daga Amurka ta taso. A can aka fara katin Diners Club a 1950, sai wani banki ya fito da nasa a 1958, wanda daga baya ya zama Visa. A can, duk lokacin da aka saya da katin bashi, ana cire wa mai shago wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin. Daga wannan ne banki ke gutsuro wa mai kati gyararsa, sauran kuma ya fito daga kuɗin ruwan waɗanda suka makara wajen biya. A nan gida kuwa, a 2019 Babban Banki ya ƙayyade abin da ake cire wa mai shago a kan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kada ya wuce naira 1,000 a ciniki guda. To ka ga tukunyar da za a ɗebo gyarar ƙarama ce. Shi ya sa garaɓasar katunanmu ba ta taka kara ta karya ba: 'yan makin da ake tarawa, ko katin waya, ko ragi a wasu manyan kantuna da otal-otal da tikitin jirgin sama. Sai ka tambayi kanka, sau nawa mai sayen albasa ke kwana a babban otal?

Bari mu yi lissafi irin na misali, don abin ya fito fili. A ce ka sayi kayan naira 500,000 da katin bashi, kuma a ce gyarar kashi 1 ce cikin ɗari. Ka samu naira 5,000 ke nan. A ce kuma kuɗin ruwan katin kashi 3 ne cikin ɗari a wata. In kasuwa ta yi nauyi, albasa ta faɗi, ka makara wata ɗaya tak, za a ɗora maka naira 15,000. Ka ci biyar, an ci maka goma sha biyar. In abin ya kai wata uku, ya haura naira 45,000. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Ga manomi kuwa abin ya fi muni. Wanda ya sayi takin naira 200,000 a watan Yuni, ba zai ga kuɗin amfanin gona ba sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Wata biyar a bisa wancan misali, naira 30,000 ke nan ko fiye, ban da tarar makara. Katin bashi an yi shi ne don mai juya kuɗi cikin mako biyu ko uku, ba don mai jiran kaka ba.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe ka kai tsaye, Alhaji. A kasuwar ƙauye da yawan masu kaya tsabar kuɗi suke so a hannu. In ka ciri tsaba da katin bashi, galibin bankuna ba su ba da wa'adi a kai. Tun ranar ake fara lissafin ruwa, a haɗa da ladan cirewa, kuma ba gyara. Ke nan a inda ka fi kashe kuɗi, a nan katin ya fi tsada.

Kada kuma wani ya ɗauka bashin banki abin gudu ne. Tun daga 2014 da aka kawo lambar BVN, duk asusun mutum a haɗe suke. Daga watan Agusta na 2020 kuma an fara aiki da ƙa'idar da ta ba banki damar cire bashinsa daga kowane asusu da mai bashi ke da shi a wani banki, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Sannan akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Sunan da ya ɓaci a wurinsu, da wuya wani banki ya sake kallonsa.

Sai batun addini, wanda na san yana ran masu sauraro da yawa. Katin bashi na bankunan da muka saba da su a kan sharaɗin ruwa aka gina shi, ko da mutum yana da niyyar biya kan lokaci. Hukuncin wannan na malamai ne, sai a je gare su da takardar sharuɗɗan a hannu. Abin da za mu iya faɗa shi ne akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Irin waɗannan, maimakon su ba ka kuɗi, sukan sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, ka biya sannu a hankali. Su ma sai ka karanta sharuɗɗa ka yi lissafi, domin ba sadaka suke yi ba.

To mene ne ya dace da kai? Shawararmu ita ce ka fara da raba kuɗin kasuwa da na cefane. Yawan jarin da ke karyewa ba ɓarawo ke karya shi ba, haɗa aljihu ne. Ka buɗe asusu na musamman don sana'a, da katinsa daban. In kana so ya fito da sunan shago, sai ka yi rajistar sunan a hukumar CAC. Amfanin wannan shi ne a ƙarshen wata takardar bayanin asusu za ta nuna maka nawa ya tafi a mai, nawa a kuɗin mota, nawa a 'yan dako da buhuna. Kuma ranar da ka nemi jari, wannan takarda ita ce shaidarka.

In kana aiken yaro, kada ka ba shi babban kati da lambar sirri. Ka nema masa kati mai lodi, ko ƙaramin asusu, ka zuba iya kuɗin aiken ranar, kuma saƙon shiga da fita ya riƙa zuwa wayarka.

Kafin ka sa hannu a kan kowane kati, ka yi wa ma'aikacin banki tambayoyin nan, kuma ka ce a rubuta maka amsa. Nawa ne kuɗin karɓar kati da na kula da shi a shekara? Nawa ne ruwa a wata, kuma kwana nawa ne wa'adi? Nawa ne tarar makara? Nawa ake cira in na ɗebi tsaba? Gyarar nan kuɗi ce ko maki, a ina ake kashe ta, kuma tana ƙonewa in ta daɗe? Nawa ne iyakar abin da zan iya turawa a rana? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ga mai sayen kaya mota-mota.

Ka kuma dubi ƙananan cire-cire, domin su ke cin jari a ɓoye. A jadawalin caji da ya fara aiki a 2020, an yarje wa banki ya ciri har naira 1 a kan kowace 1,000 da ta fita daga asusun kasuwanci, kuma an ce ana iya yin ciniki a kai. Mai fitar da naira miliyan 10 a wata, naira 10,000 ke nan. In ka zauna da manaja ya rage maka wannan, ka samu abin da ya fi gyarar kati. A watan Maris na 2025 kuma aka sa naira 100 a kan kowace 20,000 da mutum ya cira a na'urar bankin da ba nasa ba. Don haka bankin da ke kusa da kai, wanda na'urarsa ke aiki, ya fi wanda ya iya talla.

Ka lura da inda kake tara kuɗi. A 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. A watan Yuni na 2024 aka soke lasisin bankin Heritage, masu ajiyar da ta haura iyakar suka shiga jira. Mai babban jari ya raba ƙafa.

Daga ƙarshe, lambar sirri taka ce kai kaɗai. Babu ma'aikacin bankin da zai bugo waya ya nemi ita ko lambar da aka turo maka. In kati ya ɓace, a toshe shi nan take. In an cire maka kuɗi ba daidai ba, ka rubuta ƙorafi ga bankinka ka riƙe shaida. In an yi mako biyu ba a warware ba, sai ka kai ga sashen kare hakkin masu hulɗa da banki na Babban Banki.

A taƙaice, Alhaji, katin bashi yana da amfani ga wanda masu sayar masa da kaya ke karɓar kati, kuma ya tabbata zai biya duka kowane wata ba fashi. Wanda ba haka ba, katin ATM na asusun kasuwa ya wadatar da shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a cinsa don gyara.

Masu sauraro, a ci gaba da aiko da takardu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.