Mai Neman Gidan Haya a Kano Ya Fara Duba Maƙwabta

Maganar yau a kan gidan haya take, watau yadda magidancin da ba shi da gidan kansa zai zaɓa wa iyalinsa wurin zama a birnin Kano.

A zamanin da, wannan magana ba ta cika tasowa ba. Mutumin cikin birni a gidan gado ake haifarsa, a nan za a yanka masa sashe in ya yi aure, a nan kuma za a yi masa sutura. Baƙo kuwa, in Buzu ne mai ayarin gishiri, sai ya sauke raƙumansa a Fagge, bayan ganuwa. In falke ne mai goro daga Gwanja, sai ya sauka wurin fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, kana ya karɓi la'adarsa. Irin wannan baƙo ba ya zuwa da mata da 'ya'ya, in ya sayar sai ya kama hanya. To, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari, sai mutane suka soma zuwa da niyyar zama. Tun daga nan gari bai daina faɗaɗa ba. Gonaki suka zama unguwanni: Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa ta hanyar Katsina, Gyaɗi-gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa ta hanyar Zariya, Hotoro ta hanyar Maiduguri, Ɗorayi da Rijiyar Zaki ta wajen yamma. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum fiye da miliyan 9. Gidan gado ya yi wa magada kaɗan, har ɗan asalin birni ma yakan fita bayan ganuwa neman haya kamar baƙo.

Ga misalin yadda mutum kan faɗa cikin nadama. Dillali ya ɗauke shi da hantsi, sa'ad da maza suka tafi kasuwa, yara suna makaranta, layi ya yi tsit. Ya ga sabon fenti da ƙofar ƙarfe da siminti mai santsi, ransa ya biya. Ya ƙirga kuɗin shekara guda ya bayar, domin al'adar garin ke nan, ya ƙara da la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce. Ranar da ya tare da iyalinsa, magariba na yi sai ya tarar da samari a kan dakalin ƙofarsa suna shaye-shaye, ga gidan kallon ƙwallo a jikin katangarsa ana ihu har tsakar dare. Kuɗin nan kuwa daga jari aka yanke su, ba su dawowa, ba shi da mafita sai shekara ta zagayo. Shekara guda a rayuwar yaro ɗan shekara 10 ba ƙaramin abu ba ce, ta isa ya koyi abin da uba zai daɗe bai kankare ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka ne Larabawa suke da karin magana cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, an ambaci kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa a jere ɗaya da kyautata wa iyaye da dangi da marayu. Abin da aka ba wannan matsayi bai kamata a bar wa dillali zaɓensa ba. Bango da rufi ana gyara su da kuɗi, amma halin mutanen layi babu maginin da zai gyara shi.

Wanda ya ga gida ya yi masa, lalle ne ya koma unguwar shi kaɗai, ba tare da dillali ba, har sau uku. Na farko da asuba, ya yi salla a masallacin layin, ya ga yawan sahu, ya ga ko akwai matasa a ciki ko tsofaffi ne kaɗai. Na biyu da la'asar, ya ga abin da yaran unguwa suke yi: ko suna ɗauke da allo da littattafai zuwa makarantar allo da Islamiyya, ko suna gararamba babu mai tsawata musu. Ya auna tafiyar da ke tsakanin gidan da makarantar firamare, ya duba ko sai yaro ya ƙetare babban titi. Na uku bayan isha'i, ya ga su wane ne suke zama a majalisar layin, wace irin magana ce ke fitowa daga bakinsu. Sa'an nan ya tambayi liman, da mai unguwa, da mai shayi, da mai kantin bakin layi, domin da ɗan gari akan ci gari. Ya tambaye su dalilin tashin wanda ya zauna a gidan kafinsa. Wannan tambaya ɗaya takan buɗe abin da fenti ya rufe.

Bayan maƙwabta sai ruwa, na sama da na sha. A Kano ruwan sama ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma gidaje da dama an gina su ne a kan kududdufin da aka cike, ko a bakin magudanar da shara ta toshe. Mai neman gida da rani ba zai ga wannan ba, sai dai ya sunkuya ya dubi gindin bango: in ya ga tabon laima, ko siminti yana ɓarɓashi, ya san damina takan shiga gidan, sauro kuma yana biye da ita da zazzaɓinsa. Ruwan sha kuwa, famfo bai kai unguwanni da yawa ba. Ya tambaya ko akwai rijiya a gidan, ko tana ƙafewa da bazara, ko akwai rijiyar burtsatse kusa. In sai an saya wurin 'yan garuwa, ya ji kuɗin jarka, ya ƙirga jarka nawa iyalinsa suke sha a yini, ya lissafa na shekara ya ɗora a kan kuɗin haya. Haka nan wutar lantarki: ya duba ko mita mai kati ce, in ba ita ba ce ya nemi ganin takardar biya ta ƙarshe, kada ya gaji bashin da wani ya ci.

Nisa ma abin lissafi ne, 'yan kasuwa sun fi kowa sanin haka. Mai hatsi a Dawanau ya fi dacewa da unguwannin hanyar Katsina, mai kayan marmari a 'Yan Lemo da Na'ibawa, mai atamfa a Kantin Kwari da abin da ke kusa da Fagge. Tun da aka hana acaɓa a birnin a 2013, talaka ya dogara ga adaidaita sahu, da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuma kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Gidan da ya yi araha a ƙarshen gari, kuɗin zuwa da dawowa kan cinye rangwamen. Hasarar da ta fi wannan ita ce uban da zai fita 'ya'yansa ba su tashi ba, ya dawo sun yi barci, ba ya jin haddarsu, ba ya sanin abokansu.

Sa'an nan a dubi sirrin gida. Magabata sun gina zaure domin baƙo ya tsaya a nan, idonsa bai kai tsakar gida ba. Gidajen haya na ɗaki-ɗaki ba su da wannan, iyali da yawa suna tarayya a tsakar gida ɗaya da madafa ɗaya da banɗaki ɗaya. Wanda ƙarfinsa bai wuce nan ba babu laifi a kansa, amma ya bincika ko duk magidanta ne ko akwai gwagware a ciki. Wanda ya sami ciki da falo mai ƙofarsa dabam, ya ɗaga kai ya duba ko tagar wani bene tana leƙen tsakar gidan. Malaman Malikiyya sun hana mutum ya buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, amma ɗan haya ba shi da ƙarfin wannan shari'a, gara ya gani tun bai biya ba.

In an gamsu, sai ƙulla yarjejeniya. A fiƙihu, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, haya ba ta inganta sai an san adadin kuɗi an kuma san tsawon lokaci. Mutuwar ɗan haya ba ta warware ta, magadansa suna da sauran kwanakin. In kuwa gida ya rushe kafin wa'adi, abin da ya rage ya warware. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka a rubuta ranar shiga da ranar cika, a rubuta wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da wanda zai biya kwashe masai, a sa shaidu biyu, kowa ya riƙe takardarsa, a karɓi rasit. A tabbata kuma wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa, balle in gidan magada ne da ba a raba ba. A dokar yawancin jihohin Nijeriya, in ba a yi wani sharaɗi dabam ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuwa wata 1, kuma kotu ce ke fitar da mutum, ba mai gida da hannunsa ba.

Daga ƙarshe, ɗan haya ya tuna shi ma maƙwabcin wasu zai zama, kuma yadda ya bincike su haka za su bincike shi. In ya tare, ya je ya gai da mai unguwa da liman ya gabatar da kansa. Ya riƙe gidan mutane da amana, ya share magudanar ƙofarsa, ya halarci suna da jana'iza, ya biya haya a kan lokaci. Mai gida kuma ya ji tsoron Allah wajen ƙarin kuɗi, ya sassauta wa wanda kasuwa ta juya wa baya.

Allah ya haɗa kowa da maƙwabta nagari, ya hore wa 'yan haya muhallin kansu, ya shirya zuriya baki ɗaya. Amin. Haza wasalam.