Mai Kiran Gayya a Jidda

Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai na haramar tafiya Mina, ruwa ya ɓarke a Jidda. Ambaliyar ta ci rai fiye da 120, unguwar Guwaiza ta fi kowace jin jiki. Samari da 'yan mata suka yi ta kiran juna ta Facebook, suka cika zauren baje koli na Harisi suna ɗaure abinci da barguna. A irin wannan rana ake gane cewa tara jama'a daban, tsara su daban, kuma tsarawar sana'a ce mai zaman kanta.

Mai wannan aiki ba shi da ko buhun shinkafa nasa na kansa. Jarinsa lambobin waya da sanin wa ke iya me. In za a share bakin teku ko a raba buɗa-baki a danja, shi zai bi sawun izini a hukuma, ya nemi ƙungiyar Red Crescent ta kawo masu agajin gaggawa, wani kamfani ya ba da ruwa da riguna, a samo ɗalibai daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Kowa kuwa so yake tambarinsa ya fi fitowa a allo, sasanta wannan kaɗai kan cinye zama guda.

Ka gan shi bayan La'asar a watan azumi, takarda a hannu, waya a kunne, yana ƙirga kwalaye a bayan mota. Wanda ya makara da minti goma ya tarar an sha ruwa, dabinonsa ya rasa mai karɓa.

Yanzu abin ya shiga tsari. A 2020 gwamnati ta buɗe dandalin ƙasa na aikin sa-kai, inda ƙungiyoyi ke shelar guraben aiki, a rubuta wa mutum awowinsa, a ba shi shaida. Shirin Saudiyya na Burin 2030 ya sa mizanin 'yan sa-kai miliyan ɗaya a shekara.

Sai dai dandali bai san lungu ba. A unguwannin da 'yan uwanmu Hausawa suka daɗe, gidan da ya fi buƙata ba ya fitowa layi, liman da dattawan unguwa ne suka san ƙofarsa. Mai tsara gangamin da bai fara gaishe su ba, hoto kawai zai kwaso. Matasanmu na Jidda masu Larabci da Hausa a baki, ku nemi waɗannan ƙungiyoyi ku shige musu gaba.